Tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska: in gyara injin nan ko in cire shi in sa sabo?

Sani_Solent:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen masu sanin inji da lantarki, musamman waɗanda suka taɓa aiki a ruwan gishiri. Ina zaune a kudancin Ingila kusa da Portsmouth, kuma ina da wani tsohon jirgi mai tafiya da iska, Westerly Centaur ƙirar 1976, tsawonsa ƙafa 26. Injin da ke ciki Volvo Penta MD2B ne na dizal mai silinda 2, tun na asali ne ba a taɓa canja shi ba. Yana tashi lafiya lau, amma in na ɗan ba shi wuta na wani lokaci sai ya ɗau zafi, ruwan da ke fita ta salansa ya ragu sosai har wani farin tururi yake yi. Ga batir, in na bar jirgin sati guda sai in tarar ya kwanta, sannan duk sanda na tada inji na'urar auna zurfin ruwa da GPS sai su ɗauke su dawo. Wani mai gyara a nan ya ce kar in ɓata kuɗina in cire shi kawai in sa sabo, to kuɗin da ya faɗa min ya fi abin da na sayi jirgin gaba ɗaya. Ni kuma wallahi ina son injin nan, sautinsa ma daban ne. Me kuka gani?

BakanikenPanteka:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Ban taɓa ganin teku ba amma shekaruna da yawa a kan injin gas. Injin da yake tashi bugu ɗaya ba ya shan baƙin mai bai mutu ba, kar kowa ya tsorata ka. Irin waɗannan tsofaffin kamar Lista ɗin injin niƙa ne, ƙarfe ne zalla ba kwamfuta a ciki, in ka ba shi mai mai tsabta da iska da ruwa zai yi ta bugawa har jikokinka. Ka fara gaya min kalar hayaƙin. Baƙi yana nufin lodi ya yi masa yawa ko nozul ta lalace, shuɗi baƙin mai yake ƙonawa, fari kuma ko ruwa ko gas ɗin da bai ƙone ba. Maganar zafi kuwa ka cire tamostat ɗin, wato abin da ke daidaita zafin inji, ka ajiye, mu nan haka muke yi.

Injiniya_Onne:
Baba na Panteka na yarda da kusan duk abin da ka faɗa amma banda cire tamostat, don Allah Malam Sani kar ka cire. Wannan injin ba shi da lagireto, ruwan teku yake zuƙa kai tsaye ya zagaya cikin jikinsa ya fita ta salansa. Ruwan tekun Ingila da sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 10, in ba tamostat injin ba zai taɓa kai zafin da ya kamata ba, zai yi ta tara baƙin kabon silinda ta yi santsi. Kuma kar a sa masa na mota, na irin wannan inji wajen digiri 60 yake buɗewa da gangan, saboda in ruwan gishiri ya wuce haka gishirin da farar ƙasa suna daskarewa a hanyoyin ruwan su toshe su. Abin da zan ce ka bi ruwan tun daga inda yake shiga. Bawul ɗin ƙasan jirgi tukuna, ƙananan katantanwa da ciyawa suna toshe shi daga waje, sai matacin ruwa, sai tiyo ko ya tsufa yana matsewa in famfo ya ja, sai imfela ta roba da ke cikin famfon. Mafi yawan lokuta a nan matsalar take. In ka buɗe ka ga fiffikenta ya gutsure to dole ka nemo gutsuren, yana can gaba ya maƙale.

BakanikenPanteka:
To Injiniya na ji, ruwanku daban namu daban. Mu zafin Kaduna muke yaƙi da shi.

Ummu_Hanif:
Ku yi haƙuri da tambayar wadda ba ta sani ba, ba an ce iska ce ke tura jirgin ba? To me ya sa sai an damu da inji haka, ba sai ka ɗaga ƙyallen ka tafi ba?

Sani_Solent:
Hajiya tambayarki a kan hanya take. A fili cikin teku iska ce, injin a kashe yake, kuma wannan shi ne daɗin abin. Amma shiga tasha da fita, da lokacin da iska ta kwanta ruwa kuma yana janyewa da ƙarfi yana ja na inda ban nufa ba, nan sai inji. Mashigar Portsmouth ƙunci gare ta, akwai gefen da aka ware wa ƙananan jirage kuma doka ce in kana da inji ka yi amfani da shi a wajen. Ga manyan jiragen dakon kaya masu zuwa Southampton ga feri masu kai mutane tsibirin Wight, waɗannan ba sa iya taka birki saboda kai. In inji ya mutu a gabansu da iyalinka a ciki ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa na kasa barci a kan maganar.

DanYawuri:
Mu nan Yawuri Yamaha 40 muke ɗaurawa a bayan kwalekwale, ba irin naka ba ne amma ita ma imfelar nan muna fama da ita. Da ka tada inji abu na farko ka waiga ka ga yana fitsari, wato yana fitar da ruwan sanyaya shi, ko ba ya yi, in ba ya yi kashe shi nan take. Yashi ne ke cinye mana ita in ruwa ya ja baya da rani. Kuma ko minti ɗaya ka tada shi a bushe ba ruwa ta ƙone kenan. Ni kullum akwai sabuwa a leda cikin akwatin sifanu.

Abu_PortSudan:
Salam ya jama'a. Na yi aiki a jiragen da ke kai Turawa masu ninƙaya a Bahar Maliya, wasu masu ƙyalle ne da tsofaffin injuna. Gishirin tekunmu ya fi na sauran wurare, wajen giram 40 a lita inda wasu tekuna suke 35, don haka toshewar nan mun san ta sosai. Wajen da kowa ke mantawa shi ne gwiwar salansa inda ruwa ke haɗuwa da hayaƙi, tsatsa da kabon suna cika ta har ramin ya koma ɗan tsiriri, daga waje kuma za ka gan ta garau da fentinta. Cire ta ka leƙa. Sannan akwai ruwan wanke hanyoyin inji da ake zagayawa da shi da ƙaramin famfo da bokiti, yana narkar da farar ƙasar. Amma ina gargaɗinka inji mai shekara kusan 50 wani lokacin dattin ne ya riƙe wajen da ƙarfe ya ci, kana wankewa sai yoyo ya bayyana. Ba wankin ne ya fasa shi ba dama a cinye yake, gara ka gani a tasha da ka gani a tsakiyar ruwa.

Mai_Gaskiya77:
Ni dai ban ga dalilin zuba kuɗi a abin shaƙatawa ba alhali ga 'yan'uwa a gida suna cikin wani hali.

Ummu_Hanif:
Haba Malam, shawarar inji ya nema. Ba mu san abin da yake yi wa 'yan'uwansa ba kuma ba a tambaye mu ba.

Habu_Hull:
Malam Sani ni ma a Ingila nake, can arewa, kuma na taɓa haɗa hannu da wani abokin aiki muka riƙe irin jirginka. Centaur jirgi ne mai kyau, kamfanin Laurent Giles suka zana shi, an ƙera sama da 2,400 daga 1969 zuwa 1980 shi ya sa duk tashar da ka shiga sai ka gan shi, kuma akwai ƙungiyar masu Westerly da za ka samu bayanai a wajensu. Amma ni ra'ayina ya saɓa da na Baba na Panteka. Mu sabon inji ƙirar Beta muka sa, wanda asalinsa injin Kubota ne, kuma hankalinmu ya kwanta. Nauyinsa kusan rabin na Volvo ɗin, ba ya girgiza jirgi, ruwan daɗi ne ke zagaya cikinsa na teku a gefe yake sanyaya shi don haka gishiri ba ya cin jikin injin, filta da bel kuma ko ina akwai. Kayan MD2B wasu sun yi wuya, in manifol, wato ƙarfen da hayaƙi ke bi daga silinda zuwa salansa, ko kan silinda ya tsage sai dai ka bi masu sayar da na hannu kuma shi ma na hannun shekarunsa ɗaya da naka. Gaskiya kuɗin ba a injin kaɗai yake tsayawa ba, sai an gyara mazauninsa, sau da yawa a canja farfela da shaf da tiyon salansa. Amma in kana da niyyar riƙe jirgin shekara goma ka lissafa da kyau.

BakanikenPanteka:
Alhaji Habu da tsohuwar zuma ake magani. A bari a gano ciwon tukuna kafin a yanke hukunci, ƙila robar da ba ta kai kuɗin cefane ba ce.

Solar_Maradi:
Ni bangaren batir zan taɓa tunda shi ne sana'ata. Malam Sani ka sayi mita ƙarama ta awon wuta, ba ta da tsada. Batir mai ruwa in ya cika ya huta zai nuna 12.6 ko 12.7, in ka ga 12.2 rabi ya tafi, ƙasa da 12 kuwa ana kashe shi ne a hankali. Ka tada inji ka sake aunawa a kan batir ɗin, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, in bai kai ba to ko bel ya saki ko altaneta ta gaji ko waya ta ci. Maganar kwanciya cikin sati kuwa akwai abin da ke sata. Kashe komai, cire kan negatif ka sa mitar a tsakani a ma'aunin amfiya, in tana nuna wani abu sai ka riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har ka kama ɓarawon. Ka sa faifan sola ko na wat 50 ne da kwanturola, ko da hasken ƙasarku ba kamar namu ba zai riƙe maka batir tsakanin fita da fita.

Injiniya_Onne:
Ƙari a kan maganar ɗan'uwa na Maraɗi, a jirgi wanda aka fi zargi shi ne famfon da ke kwashe ruwan da ya taru a ƙasan jirgi, don shi kai tsaye ake haɗa shi da batir ko an kashe babban makunni yana aiki. In yana yawan tashi to tambayar ita ce daga ina ruwan ke shigowa. Duba inda shaf ya ratsa jikin jirgi, ɗigo kaɗan lokacin da yake juyawa daidai ne, amma in yana zuba jirgi na tsaye sai a ɗan ƙara ɗaure shi a tura giris ko a canja igiyar ciki. Ɗaukewar GPS in ka tada inji kuma alama ce komai a kan batir ɗaya yake, sitata na jan wuta bolt ya faɗi na ɗan lokaci na'urorin su mutu. A raba, ɗaya na tada inji kawai ɗaya na fitilu da na'urori, a sa rile mai haɗa su in ana caji ya raba su in an kashe. In kana da makunnin nan mai 1, 2, duka, da kashewa, kar ka taɓa murɗa shi zuwa kashewa inji na aiki, diyod ɗin altaneta zai ƙone.

Zainab_Lantarki:
Ina koyar da aikin lantarki ne, ba a jirgi ba, amma abu ɗaya ya tsaya min a rai. Jirgin 1976 hannu nawa ya bi ta kan wayoyinsa? Kowane mai shi ya ƙara nasa ya bar na wancan. Ka fere bawon waya ɗaya ka gani, in jan ƙarfen ya yi baƙi ko kore to gishiri ya bi ta ciki, kuma irin wannan tana cin wuta tana ɗumi. Wayar jirgi mai rufin kuza ake sawa, mai silli-silli da yawa ba mai ƙarfe ɗaya ta gida ba, don girgiza na karya ta. Kuma duk wayar da ta bar kan positif a sa mata fis kusa da batir ɗin. Ni gobara ta fi ba ni tsoro a kan mutuwar inji, jikin jirgin nan fa faiba ne. In kuna kwana a ciki ka sa na'urar da ke ƙara in hayaƙin kabon monoksaid ya taru, ba shi da wari.

Habu_Hull:
Malama Zainab kin taɓo inda yake. Mu da muka buɗe bayan allon makunnai mun tarar da wayoyin da ba su zuwa ko ina amma da wuta a jikinsu.

DanYawuri:
Tunda ana maganar tsoro, rigar ruwa fa? Mu nan abin da ke cinye mutane a kogin Neja kenan, a cika jirgi maƙil da mutane da buhuna da babura, a tashi da dare, ba wanda ya sa riga, a ci karo da kututturen itace a ƙarƙashin ruwa shikenan. Duk shekara in ruwa ya cika sai an yi jana'iza. Ina roƙon duk mai hawa ko na minti biyar ne ya sa.

Ummu_Hanif:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wallahi duk damina sai mun ji labarin nan a rediyo daga Neja ko Kebbi ko Kwara, zuciya ba daɗi.

Sani_Solent:
Amin Hajiya. Ɗan Yawuri ba mai taka jirgina ba riga, yara kuma har igiya nake ɗaura musu. Ga abin da na samu ranar Asabar. Na buɗe famfon, fiffike biyu na imfela babu, ɗaya na same shi a bakin tamostat ɗayan har yanzu ban gan shi ba. Murfin famfon ma ya sha gurza ta ciki. Na sa sabuwa ruwa ya ƙaru sosai, tururin ya ragu amma in na ba shi wuta sosai allurar zafi tana hawa fiye da yadda nake so. Baba na Panteka hayaƙin ba shuɗi ba ne, ɗan baƙi ne kaɗan in na matsa masa. Ɗan'uwa na Maraɗi na auna, 12.3 a kashe, 13.1 inji na aiki.

Solar_Maradi:
13.1 ya yi kaɗan. Danna bel da yatsa, in ya lotsa fiye da santimita ɗaya ɗaure shi, in ka ga baƙar ƙura a gaban injin to yana zamewa. Sannan auna a bayan altaneta kanta ka kwatanta da na kan batir, in can 14 ne nan 13.1 wutar a hanya take ɓacewa, waya ce ko kan batir ko wayar negatif da ke jikin inji. Amma in batir ɗin ya yi ƙasa sosai yakan ɗau lokaci kafin awon ya hau, bar shi ya yi rabin awa ka sake dubawa.

Abu_PortSudan:
Baƙin hayaƙi da zafi tare, ni har yanzu gwiwar salansa nake zargi. Ko kuma farfela ta yi kaca-kaca da katantanwa injin yana wahala. Yaushe rabon da a fito da jirgin daga ruwa? Jirginka mai ƙafa biyu ne a ƙasa, ka kai shi inda ruwa ke janyewa ya zauna a kan yashi ka duba da idonka. Ka duba har da dunƙulen zinki na jikin jirgi, wanda ake sawa don ruwan gishiri ya ci shi a madadin farfela da bawul, in ya cinye fiye da rabi canja shi, in kuma farfela ko bawul sun koma ruwan hoda-hoda to tagullar ta fara mutuwa.

DanYawuri:
Wannan zinkin mu ma ya kamata mu sa?

Injiniya_Onne:
A ruwan daɗi irin na Kainji zinki ba ya aiki sosai, wani ɓawo yake yi ya daina ci, magniziyam ake sawa. Injinka ya zo da nasa a ƙafarsa, kar dai a shafe shi da fenti. Malam Sani abu biyu kafin in manta. In inji ya ƙi tashi kana ta murza sitata, rufe bawul ɗin ruwan teku, don famfo na ta tura ruwa cikin salansa ba hayaƙin da zai fitar da shi, zai cika ya koma silinda ya lanƙwasa kwanrod, da ya kama sai ka buɗe nan take. Na biyu tankin mai. Dizal na yanzu akwai man tsirrai a ciki har kashi 7 cikin ɗari, yana jan laima, ruwa ya kwanta a ƙasan tanki ƙwayoyin cuta su yi ta haihuwa a tsakanin ruwan da man su zama baƙin kunu. A tasha ba za ka san da shi ba, sai ranar da igiyar ruwa ta jijjiga jirgi ya taso ya toshe filta, wato daidai lokacin da ka fi buƙatar injin. Zuƙo kaɗan daga can ƙasa a kwalba ka ajiye ya kwanta ka gani. Kuma ka koyi canja filta da fitar da iska daga layin mai da hannunka har ka iya yi a duhu.

Kabiru_IT:
Ba wanda ya taɓa maganar GPS ɗin. In tsoho ne sosai duba kwanan watan da yake nunawa, tun Afrilun 2019 da lissafin makonnin GPS ya zagayo wasu tsofaffi suke nuna shekarar da ba ita ba. Ni da zan ba ka shawara kar ka kashe kuɗi wajen haɗa tsofaffin na'urori masu tsarin musayar bayanai na NMEA 0183 da sababbi masu NMEA 2000, sai ka sayi abin fassara a tsakani. Tablet da manhajar taswirar ruwa ta Navionics a jakar da ruwa ba ya shiga ya wadatar, ka sa batir lityum ka huta.

Habu_Hull:
Tablet na da amfani amma rana na dukan ta sai ta yi zafi ta mutu, ko hannu a jiƙe ta ƙi jin taɓawa. Taswirar takarda da kamfas su zauna a jirgi. Abin da ba zan yi wasa da shi ba rediyon VHF ne, a samu mai jan maɓallin neman ceto na DSC a sa masa lambar shaidar jirgi ta MMSI a haɗa shi da GPS, in ka danna masu ceto su ga inda kake. Ana buƙatar lasisin Ofcom, hukumar sadarwa ta Birtaniya, da takardar SRC ta shaidar iya amfani da rediyon. Kuma yawanci in rediyo ba ya kai nisa ba shi ne ya lalace ba, wayar eriya ce da ta sha ruwa a inda ta ratsa rufin jirgi a gindin doguwar sandar. Gwajin rediyo kuma kar a dami tashar rediyo ta 16 ta gaggawa, a kira 'yan sa-kai masu sa ido a gaɓar teku na NCI a ta 65. Wani abu kuma, ƙwan LED mai araha a saman sanda kusa da eriya yana iya toshe maka ji, masu gadin tekun Amurka sun fitar da gargaɗi a kan haka a 2018.

Solar_Maradi:
Lityum ba a jefa shi haka kawai Malam Kabiru. Yana zuƙar wuta da yawa tsohuwar altaneta za ta yi zafi ta ƙone sai an sa caja ta musamman a tsakani, kuma ba a cajinsa in sanyi ya kai sifili, ga shi ƙasar sanyi yake. Mutumin da 13.1 ke damunsa a bari ya gyara wannan tukuna.

Zainab_Lantarki:
Kuma kamfanin inshora ma sai an sanar da su in an canja irin batir.

Sani_Solent:
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka. Na ɗaure bel na goge kawunan batir da wayar negatif, yanzu 13.9 nake gani. Ɓarawon wutar kuma famfon ƙasan jirgi ne kamar yadda Injiniya ya ce, wajen shaf ɗin na ɗiga ko a tsaye. Gwiwar salansa ce ta gagare ni, notunan sun ci tsatsa ina tsoron in karya su a cikin manifol. Har yanzu ban yanke shawara a kan sabon inji ba, maganar Alhaji Habu tana raina musamman da na tuna mashigar nan da yara a ciki.

BakanikenPanteka:
Kar ka yi musu ƙarfi. Jiƙa su da man kwance tsatsa safe da yamma na wasu kwanaki, ka ɗan bubbuga kan da guduma, ka fara ɗaurewa kaɗan kafin ka kwance, kuma da soket mai gefe shida ba sifana mai baki ba. In za ka sa wuta ka kula da tiyon mai. In ta fita ka sa a auna maka kwamfureshan na silinda biyun a kai nozul a gwada feshinsu, da wannan awon za a yi maganar canji ba da shekarun injin ba.

Habu_Hull:
Awon kwamfureshan ba zai gaya maka kaurin ƙarfen da ya rage a hanyar ruwa ba Baba, can ne gishiri ke ci. Malam Sani in ka cire gwiwar ɗauko mana hoton cikin manifol ɗin da fitila, ka ɗan soka sukundireba a bangon mu ga ko ƙarfe ne ko yana ɓarewa.

Abu_PortSudan:
Kuma ka nemo ɗayan fiffiken kafin ka rufe komai, duba tiyon da ya tashi daga famfo zuwa manifol.